Yadda Ake Sa Saƙon Rediyo Ya Isa Lafiya Tsakanin Gida da Lambu

Lambun kawuna yana cikin sawagi, wato yankin lambuna, na kudancin Kasala a Sudan, ba nisa da gaɓar kogin Gash, wurin da in ka ɗaga kai duwatsun Taka za ka gani sun tokare gabas. Albasa yake nomawa da ayaba da 'yan itatuwan lemo. Injin ban-ruwa mai shan dizal, wanda a nan ake ce wa babur, ya ajiye shi ya sa famfo mai aiki da hasken rana. Tsakanin gida da rijiyar akwai kusan kilomita 2, kullum kuma sai an tura yaro a keke ya kunna, a sake tura shi ya kashe. Da farko makunni mai layin waya muka sa, ana aika masa saƙon tes. Da shabaka, wato sabis ɗin waya, ta ɗauke a kusan duk faɗin Sudan cikin Fabrairun 2024, sai ya zama ƙarfe kawai a jikin bango. Abin da ya kai ni ga ƙananan rediyoyin LoRa ke nan, waɗanda suke magana da juna kai tsaye, babu hasumiyar kamfani a tsakani, babu sayen kati.

Haɗin da na fara yi ya yi aiki mako biyu, sannan ya yi mana ɓarna. Umarni ɗaya na ba shi, wato "juya": in famfo na kunne ya mutu, in a kashe yake ya tashi. Ran nan da azahar aka danna don a kashe. Saƙo ya isa, famfo ya mutu, amma amsar da lambu ya mayar ta ɓace a hanya. Na'urar gida ta ɗauka saƙon bai je ba, ta sake aikawa, famfo ya sake tashi. Har la'asar ruwa na kwarara, ya shanye fangalin renon albasa. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi: "Ɗana, wannan ɗan aiken naka ba ya gane maganar da aka riga aka faɗa masa ne?" Na ce, "Gaskiya ne Kawu, ban koya masa ba."

Abu uku ke samun saƙo a iska: ya ɓace gaba ɗaya, ko ya isa da rauni, ko ya isa sau biyu. Mafi yawan masu haɗa irin wannan kaya na farkon kaɗai suke tunawa, shi ya sa da matsala ta taso sai su ruga neman rediyo mai ƙarfi. Ga yadda nake bi yanzu, daki-daki.

Kayan aiki

Allon ESP32 ko Arduino (ƙaramar kwamfuta da ake ɗora wa shiri) guda biyu, rediyon SX1278 guda biyu masu aiki a zangon megahaz 433, eriya biyu, rile ɗaya (makunnin da allon ke kunnawa da kashewa), batir da ɗan faifan sola na na'urar lambu, sai makunni mai iyo irin na tankin ruwa. Zangon rediyo yana ƙarƙashin hukumar kula da sadarwa da gidan waya ta Sudan, don haka ka san ƙa'idarta kafin ka ɗaga eriya, musamman a irin wannan lokaci da ƙasa take ciki. Kada ka taɓa sa rediyon ya aika saƙo babu eriya a jikinsa, yana iya ƙonewa. Rilen kuma kada ka sa shi a kan manyan wayoyin da suka fito daga faifan sola, wutarsu tana da haɗari. Akwatin sarrafa famfo yawanci yana da bakin da aka tanada don makunnin tanki, nan za ka haɗa.

Fara da hanya, ba da lissafi ba

Duk dabarar da za ta biyo baya ciko ce. In hanyar siginar a toshe take, babu lissafin da zai fisshe ka.

Eriyar zangon 433 ta waya miƙaƙƙiya tsawonta kusan santimita 17 ne. Ka tabbata wadda ka saya ta wannan zangon ce, don ta 868 rabin wannan tsawon take, kuma a ido kamarsu ɗaya in suna cikin roba. Duka biyun su tsaya a tsaye. In ɗaya ta kwanta ɗaya na tsaye, ka zubar da ƙarfi mai yawa a banza.

Sai tsayi. Sigina ba kamar zare take tafiya ba, tana buƙatar fili mai siffar ƙwai tsakanin eriya biyu, mai kumburi a tsakiya. A nisan kilomita 2 a wannan zango, kumburin yana kai kusan mita 18 daga tsakiyar layi, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari na wannan ya zama babu komai, wato kusan mita 11. Ba kowa ke da sanda mai wannan tsawo ba, LoRa kuma tana da haƙuri, amma duk mita ɗaya da ka ƙara sama riba ce. Rufin gida da saman tankin ruwa su ne wuraren da na fi amfana da su. Ka kuma nisanta na'urar lambu daga akwatin sarrafa famfo da 'yan mitoci, domin in yana aiki yana watsa hayaniyar lantarki, ita ce ke sa ka ga saƙo yana shiga lafiya famfo na kashe, da ya tashi kuma sai umarnin kashewa ya ƙi shiga.

Mutane suna yawan ɗora wa habub, wato guguwar ƙura, laifi. A wannan zango ƙura da ruwan sama ba su cika rage sigina kai tsaye ba. Abin da habub ke yi shi ne ya lulluɓe faifan sola, batir ya yi rauni, ga shi rediyon yana jan kusan miliamfiya 120 lokacin da yake aikawa da cikakken ƙarfi, sai allon ya mutu ya tashi a tsakiyar saƙo. Da damina kuwa ganyen mangwaro da ayaba da ya cika ya jiƙe, da ruwan da ya shiga bakin eriya, su ne masu laifin.

Auna kafin ka gyara

Rubuta ɗan shiri wanda zai aika saƙo 200, kowanne da lambarsa, ɗaya bayan ɗaya, babu amsa babu sake aikawa. Na'urar da ke karɓa ta ƙirga nawa suka iso, ta rubuta lambobin da suka ɓace, ta kuma rubuta ma'auni biyu da rediyon ke bayarwa a kan kowane saƙo: RSSI, wato ƙarfin siginar da ta iso, da SNR, wato yadda siginar ta ɗara hayaniya ko ta gaza ta. Yi wannan da safe, da tsakar rana famfo na aiki, da kuma dare. Yi shi daga gida zuwa lambu, sannan daga lambu zuwa gida, don sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ji.

Ba adadin da ya ɓace kaɗai za ka duba ba, duba yadda ya ɓace. In nan ɗaya can ɗaya ne, sake aikawa zai magance shi cikin sauƙi. In kuwa goma ne a jere suka tafi tare, akwai abin da ke toshe hanya na ɗan lokaci, kuma sake aikawa nan take ba zai yi amfani ba, duk a rami ɗaya za su faɗa.

LoRa tana iya jin saƙo ko da hayaniya ta fi shi ƙarfi. Tana da mataki da ake kira SF, daga 7 zuwa 12, wanda ke nuna yadda ake jan kowane harafi a iska. A SF7 tana ji har SNR ya sauka kusan -7.5, a SF12 har kusan -20. Sai dai duk mataki ɗaya da ka hau, lokacin da saƙo ke ɗauka yana kusan ninkawa. Zaɓi mafi ƙanƙantar matakin da zai bar maka rarar kamar 5 zuwa 10 sama da iyakarsa. Faɗin zango kuma bar shi a kilohaz 125. In ka matse shi sosai, zafin Afrilu da Mayu na Kasala yana iya sa rediyoyin biyu su saɓa wa juna.

Ƙunshi ya zama ƙarami, kuma mai tsari

Bayani a rediyo bit-bit yake tafiya, kowane bit 0 ne ko 1, takwas kuma su ne bayit ɗaya. A ce hanyarka tana lalata bit ɗaya cikin kowane 10,000. Ƙunshi, wato saƙo ɗaya da ake aikawa a dunƙule, in mai bayit 32 ne bit 256 ke nan, yiwuwar ya samu rauni kusan kashi 2.5 ne cikin ɗari. A wannan hanyar dai, ƙunshi mai bayit 1,500 yiwuwar lalacewarsa ta kai kusan kashi 70. Hanya ɗaya, girman kaya kawai ya bambanta. Saboda haka kada ka aika jimla irin "matakin ruwa a tanki yanzu shi ne kaza". Aika lamba.

Nawa ƙunshin bayit 12 ne. Na farko alamar gidanmu ce, don kada mu ɗauki saƙon maƙwabci mai irin rediyonmu. Na biyu mai aikawa, na uku wanda aka aika wa, na huɗu irin saƙon: umarni ne, rahoto ne, ko amsa. Bayit biyu na lambar jeri, huɗu na ainihin bayanin, biyun ƙarshe na tantancewa.

Gane saƙon da ya lalace

Duk wanda ya taɓa loda riɗi daga kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san takardar da ake ba direba, mai cewa buhu kaza ne. A wurin sauke kaya a ƙirga, in bai cika ba an san da magana. Tantancewa mafi sauƙi haka take: a tara bayit ɗin saƙo a liƙa jimlar a ƙarshe. Rauninta ma irin na takardar ne. In bayit biyu suka yi musayar wuri, ko ɗaya ya ƙaru da uku wani ya ragu da uku, jimla ba ta canza ba, ɓarna ta wuce.

Abin da ya fi shi ne CRC, wanda W. Wesley Peterson ya gabatar a 1961. Ana ɗaukar saƙon gaba ɗaya kamar wata doguwar lamba, a raba ta da wata lamba da ɓangarorin biyu suka sani, ragowar da ta saura ita ake liƙawa. Mai karɓa ya maimaita rabawar, in ragowarsa ta saɓa, sai ya yar da saƙon. CRC mai bit 16 yana kama duk ɓarnar da ta zo a dunƙule wadda tsawonta bai wuce bit 16 ba, sauran kuma wadda za ta kuɓuce masa kusan ɗaya ce cikin 65,536. Wi-Fi da ke gidanka mai bit 32 yake liƙa wa kowane ƙunshi.

Rediyon SX1278 yana da nasa CRC a ciki, amma a ɗakin shirye-shiryen LoRa na Arduino da aka fi amfani da shi a kashe yake zuwa, sai ka kira enableCrc a na'urorin biyu. Duk da haka ina ƙara nawa a cikin ƙunshi, saboda na rediyo iska kawai yake tsaro, ba ya ganin abin da ya lalace a 'yan wayoyin da ke tsakanin rediyo da allo, ga su kusa da injin da ke watsa hayaniya. In ka rubuta CRC-16 mai lambar rabawa 1021 da mafari FFFF (a rubutun hex, wato ƙirgar goma sha shida), gwada shi da rubutun 123456789. In ya ba ka 29B1, daidai yake.

Ka riƙe wannan: CRC maganin tsautsayi ne, ba maganin mugu ba. Wanda ya san tsarin ƙunshinka zai iya ƙirƙiro saƙo mai CRC daidai ya kunna maka famfo. In kana tsoron haka, sai ka ƙara kulle saƙon da mabuɗin sirri irin na AES.

Amsa, lambar jeri, da darasin fangalin albasa

Nan ne zuciyar aikin. Na'urar gida ta aika ƙunshi mai lamba, a ce 57, ta tsaya jira. Na'urar lambu ta duba CRC. In ya lalace, ta yi shiru abinta, kada ma ta ce "ban gane ba", tunda ba ta da tabbacin daga wa saƙon ya fito. In lafiya yake, ta aikata, ta mayar da gajeriyar amsa mai ɗauke da lamba 57. Gida ya ga amsar da ta dace da lambar da yake jira, sai ya wuce zuwa 58. In wa'adi ya cika babu amsa, ya sake aika 57 ɗin nan dai, ba sabuwar lamba ba.

Na'urar lambu kuma dole ta riƙe lambar ƙarshe da ta aikata daga kowane mai aikawa. In 57 ya sake zuwa, ta gane cewa amsarta ce ta ɓace. Sai ta sake mayar da amsa, amma kada ta sake aikatawa. Mutane da yawa suna yin rabin wannan: suna yar da maimaicin ba tare da sun amsa ba, sai gida ya yi ta aikawa har ya gaji ya ce saƙo bai je ba, alhali famfo ya daɗe da mutuwa.

Akwai tarko a nan. In batirin na'urar gida ya mutu ta sake tashi, ƙirgarta ta koma 0, lambu na iya ɗaukar sabon saƙo a matsayin tsoho. Ko dai ka ajiye lambar a ma'ajiyar da ba ta gogewa in wuta ta ɗauke, ko kuma duk sanda na'ura ta tashi ta fara aika saƙon "na tashi", wanda zai sa ɗayar ta share abin da ta riƙe. Na biyun na fi so, domin ma'ajiyar allon tana gajiya da yawan rubutu.

Bayan duk wannan, ka canza umarnin kansa. Kada ka yi "juya". Yi "kunna" daban, "kashe" daban. "Kashe" ko sau goma ya isa, famfo a kashe yake. Da haka na yi tun farko, ko babu lambar jeri da albasar Kawu ta tsira.

Amsa ma iri biyu ce, kuma bambancinsu babba ne. Akwai "na ji", akwai "na yi". Rile na iya maƙalewa, rijiya na iya ƙafewa. Na sa ɗan ma'aunin gudun ruwa a bakin bututu, bayan sakan 20 lambu ya aiko rahoto na biyu cewa ruwa na tafiya ko ya tsaya. Fitilar gida ba ta zama koriya sai wannan rahoton ya zo.

Ba kowane saƙo ne ya cancanci wannan hidima ba. Rahoton matakin ruwa da ke zuwa duk minti 5, in ɗaya ya ɓace bar shi, na gaba ya fi shi amfani. Umarni da ƙararrawar haɗari su ne masu neman amsa.

Wa'adin jira da yawan maimaici

Ƙunshi mai bayit 12 a faɗin kilohaz 125 yana ɗaukar kusan milisakan 41 a SF7, kusan 144 a SF9, a SF12 kuma kusan sakan 1.2. Wa'adin jiranka dole ya fi lokacin da amsa za ta ɗauka a iska, haɗe da ɗan lokacin da ɗaya na'urar za ta yi tunani ta juya daga sauraro zuwa magana. In kana amfani da ɗakin shirye-shiryen rediyo mai suna RadioHead, sashensa mai suna RHReliableDatagram yana yi maka amsa da maimaici da kansa, yana zuwa da wa'adin milisakan 200 da maimaici 3. Wannan ya dace da matakai masu sauri. A SF12 amsar kaɗai ta haura milisakan 800, don haka sai ka ɗaga wa'adin da setTimeout, in ba haka ba gida zai fara sabon aike amsa tana kan hanya, su yi karo.

Sau nawa za a maimaita? A ce kowane gwaji yana da kashi 20 cikin ɗari na faɗuwa. In faɗuwar ba ta da alaƙa da juna, yiwuwar gwaji huɗu su faɗi duka 0.2 ne sau huɗu a ninke, wato 16 cikin 10,000. Huɗu ko biyar sun isa. In biyar suka faɗi, na ashirin ma ba zai shiga ba, batir kawai kake ƙonawa kana kuma toshe wa maƙwabta iska. Sai na'ura ta haƙura ta kunna jar fitila, a tura yaro. Zuwa da kai ya fi aike, amma sai an gaya maka aiken bai je ba.

Tazarar da ke tsakanin maimaici ta riƙa ninkawa: sakan 1, 2, 4, 8, kowanne kuma a ƙara masa ɗan lokaci na kan-mai-uwa-da-wabi. Ninkawar tana ba abin da ya toshe hanya damar wucewa. Ƙarin kuwa don in na'ura biyu suka yi karo, kada su sake tashi lokaci guda su sake karo. Dabarar jira na ba-zata ta samo asali ne daga ALOHAnet, hanyar rediyon da Norman Abramson da abokan aikinsa suka kafa a Jami'ar Hawai a 1971, Wi-Fi ma a kanta yake tafiya har yau.

Gyara ba tare da an sake tambaya ba

Sake aikawa yana cin lokaci da batir. Akwai wata hanya: a haɗa saƙo da guzurin da zai sa mai karɓa ya gyara raunin da kansa. Claude Shannon ya nuna a 1948 cewa ana iya isar da bayani kusan babu kuskure ta hanya mai hayaniya muddin ba a wuce iyakar abin da hanyar za ta ɗauka ba. Richard Hamming kuma ya fito da hanya ta zahiri a 1950. Yana da kyau ka yi ta da biro sau ɗaya, don ka ga ba siddabaru ba ne.

Bayaninka bit 4 ne: 1011. Ka tanadi gurabe 7. Gurbi na 1 da na 2 da na 4 na masu gadi ne, bayanin ya shiga na 3, 5, 6, 7. Mai gadi na 1 yana lura da gurabe 1, 3, 5, 7. Na 2 yana lura da 2, 3, 6, 7. Na 4 yana lura da 4, 5, 6, 7. Aikin kowanne shi ne ya sa yawan 1 a rukuninsa ya zama mai rabuwa biyu daidai. Rukunin farko yana da 1 guda biyu, mai gadi ya zama 0. Na biyu yana da uku, mai gadi ya zama 1. Na ƙarshe yana da biyu, mai gadi 0. Abin da za a aika shi ne 0110011.

A ce hayaniya ta juya gurbi na 6, aka karɓi 0110001. Mai karɓa ya duba: rukunin mai gadi na 1 lafiya, na 2 ya karye, na 4 ya karye. Tara 2 da 4, ka samu 6. Ga gurbin da ya lalace, sai a juya shi. Babu wanda aka sake tambaya.

LoRa tana da irin wannan a cikinta, shi ne abin da ake kira CR, daga 4/5 zuwa 4/8. A 4/5 bit ɗaya ake ƙara wa kowane huɗu, wanda ke iya nuna akwai rauni amma ba ya gyarawa. A 4/7 da 4/8 ne ake samun gyaran bit ɗaya a kowane rukuni. Rediyon kuma yana barbaza bit ɗin rukuni ɗaya a wurare daban-daban kafin ya aika, don in hayaniya ta zo a dunƙule ta taɓa kowane rukuni kaɗan, maimakon ta cinye ɗaya gaba ɗaya. Kuɗin da za ka biya lokaci ne: ƙunshinmu a SF9 yana tashi daga milisakan 144 zuwa kusan 181 in ka koma 4/8. Hukuncina shi ne, in gwajinka ya nuna sigina tana da ƙarfi amma saƙonni suna faɗuwa a CRC, musamman famfo na aiki, ɗaga CR. In kuwa siginar ce can ƙasa kusa da iyaka, CR ba zai yi maka abin kirki ba, ɗaga eriya ko ka hau SF.

Wayar da ke aljihunka duka biyun take haɗawa. A 4G, in ƙunshi ya iso da rauni ba a yar da shi, ana ajiye shi, hasumiya ta aiko ƙarin guzuri, a haɗa da na farko a warware. Har layi 8 irin wannan ke gudana tare don kada a tsaya jiran ɗaya. Shi ya sa a wurin da shabaka ke da sanda ɗaya hoto yana daɗewa amma in ya sauka lafiya yake. Lambar QR ma dangin wannan ce, da lissafin Reed da Solomon na 1960 take aiki, a matakinta mafi ƙarfi ana karanta ta ko da kusan kashi 30 cikin ɗari ya lalace.

In shiru ya yi yawa

Duk abin da ka yi, wata rana hanya za ta yanke famfo na kunne. Don haka umarnin kunnawa ya zo da wa'adi a cikin bayit huɗun nan na bayani: kunna na minti 30. In gida na son a ci gaba, ya sabunta kafin lokaci ya cika. In shiru, lambu ya kashe da kansa. Makunni mai iyo na tanki da na'urar gane ƙafewar rijiya kuma su shiga akwatin famfo kai tsaye da waya, kada su bi ta rediyo ko ta shirin da ka rubuta. Ka bar makunnin hannu a lambu yadda mai gadi zai iya kashewa ko da allon ya mutu.

Kafin ka miƙa wa masu lambu, ka lalata hanyar da gangan. Sa na'urar lambu ta ƙi mayar da amsa ɗaya cikin kowane uku, ka ga ko famfo zai motsa sau biyu. Sa na'urar gida ta juya bit ɗaya bayan ta lissafa CRC, ka tabbata an yar da saƙon. Cire batirin gida a tsakiyar aike ka mayar. Sannan ka kunna famfo, ka kashe na'urar gida gaba ɗaya, ka zauna a bakin rijiya da agogo a hannu har minti 30 su cika ka ji ruwa ya tsaya. Gwajin saƙo 200 ɗin nan kuma ka maimaita shi cikin Agusta, lokacin da Gash ya kawo ruwa itatuwa suka cika da ganye, ka kwatanta da lambobin da ka rubuta da rani.